Zamna Ko Zauna: Tsohuwar Hausar Da Ta Rage A Bakin Mutanen Dakoro

Duk wanda ya saba da tashoshin mota na Kano ko Kaduna ya san irin ba'ar da ake yi wa baƙon da ya gangaro daga arewacin Maraɗi da zarar ya buɗe baki. Ya ce zamna, a ce masa zauna ake cewa. Ya ce ɗiyarsa za ta yi amre, a kwashe da dariya. Ya ce biyat, yaran mota su riƙa maimaitawa har motar ta cika. A wurin yawancinmu wannan ƙauyanci ne, Hausar da ba ta waye ba. To, amma a wurin masana tarihin harshe, waɗanda suka kwashe kusan shekara 100 suna bin diddigin al'amarin, zamna da amre da biyat su ne na asali, zauna da aure da biyar kuwa daga baya suka samu. Wato dai wanda ake yi wa gyaran shi ne ke riƙe da tsohon zance.

Kafin mu shiga Dakoro, bari mu ɗan ratsa da mai karatu ta wata ƙasa mai nisa, inda aka yi irin wannan raini, daga baya aka dawo ana neman waɗanda aka raina ruwa a jallo.

A kudancin ƙasar Japan akwai jerin tsibirai da ake kira Riyukiyu, mafi girmansu shi ne Okinawa. Daula ce mai sarkinta tun daga 1429, har zuwa 1879 lokacin da Japan ta haɗiye ta. Daga nan gwamnatin Tokiyo ta ɗauki maganar mutanen tsibiran a matsayin gurɓataccen Japananci, har ta kai a makarantu ana rataya wa yaro wani ɗan katako a wuya idan aka ji ya yi harshen gidansu, ba zai rabu da shi ba sai ya kama wani. Dattawan Nijar da suka yi lakwal ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan, domin sun san sambol, wanda ake liƙa wa ɗalibin da ya kuskura ya yi Hausa ko Zabarmanci a harabar makaranta.

Da masana suka zauna suka kwatanta, sai suka tarar ba haka abin yake ba. A Japanancin yau fure sunansa hana. A ƙamusun da 'yan mishan na Fotugal suka buga a Nagasaki a 1603 sun rubuta shi fana. A tsibirin Miyako kuwa har gobe pana ake cewa. Ashe p ce ta asali, ta koma f, sannan ta koma h a babban birni, alhali masunta da manoman tsibiri suna nan riƙe da ita. Wani masani Bajapane, Ueda Kazutoshi, ya kafa hujja da wannan tun 1898, sannan Hattori Shiro ya faɗaɗa aikin a rubuce-rubucensa na 1978 zuwa 1979, Ba'amurke Samuel Martin kuma ya fito da katafaren littafinsa a 1987. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne, Japan tana da littattafai tun ƙarni na 8, kamar Kojiki na shekarar 712, amma duk da haka akwai bambancin wasula da harsunan tsibiran suka adana wanda ya riga ya ɓace tun kafin a rubuta waɗannan littattafai. Kalmar ruwa, wadda ake cewa mizu a yau, masana sun maido da ita zuwa *mentu, kuma shaidar wasalin e ɗin daga tsibiran ta fito. Alamar tauraron da ke gaban kalmar ita ce yadda masu wannan fanni ke nuna cewa ba a taɓa ganin ta a rubuce ba, ta hanyar kwatance aka gano ta. A 2009 hukumar UNESCO ta sa harsunan Riyukiyu guda 6 cikin jerin waɗanda ke fuskantar barazanar mutuwa.

To, idan masu rubutu na shekara 1,300 sun buƙaci bakin mutanen karkara, ina ga mu? Rubutun Hausa na ajami bai yawaita ba sai wajen zamanin jihadin 1804, na boko kuwa sai da Schön ya fara buga jerin kalmominsa a 1843. Duk abin da ya gabaci haka, babu inda za a same shi sai a cikin harshen kansa, da kare-karensa, da kuma harsunan da suke 'yan uwansa.

A nan ne Dakoro ta shigo. Gari ne da ke arewa da Maraɗi da tazarar fiye da kilomita 100, a daidai inda gonar hatsi ke ƙarewa makiyaya ta fara, kusa da kwarin Tarka. Garin kansa ba tsoho ba ne, Faransawa ne suka mai da shi mazaunin mulki a shekarun 1940, amma ƙasar tsohuwa ce. A cikin wannan yanki Birnin Lalle take, wadda tarihin Gobirawa ke lissafawa cikin biranen da suka zauna bayan sun baro Azbin, tun kafin Alƙalawa wadda ta faɗi a 1808, balle Tsibiri da aka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836. A zamanin Turawa manoma sun yi ta hauhawa arewa suna saran daji, daga Gobir da Adar da Katsina, suka tarar da Abzinawa da Fulani da dabbobinsu. Saboda haka Hausar da ake ji a kasuwannin Dakoro da Kornaka da Sabon Mashi ta ɓangaren yamma ce, 'yar uwar Sakkwatanci da Adaranci, kuma kullum tana gogayya da Tamajak da Fulatanci.

Wanda ya fara tsara ƙa'idar da ta bayyana zamna da zauna wani Bajamushe ne, August Klingenheben na Jami'ar Hambug, a wata maƙala da ya buga a 1928. Abin da ya lura da shi ba shi da wuyar ganewa, duk Bahaushe zai iya gwadawa a bakinsa. Ya ce a tsohuwar Hausa baƙaƙe irin su k da g da b da m da t suna iya rufe gaɓa, amma daga baya suka yi rauni a wannan muhalli. Masu fita daga ganɗa, wato k da g da ƙ, suka koma u. Masu fita daga tsinin harshe, kamar t, suka koma r ko l. Na leɓe kuwa, b da m, su ma suka koma u.

Ina hujja? Tana cikin jam'i da sauran kalmomin da suka fito daga saiwa ɗaya. Muna cewa talaka, amma ba ma cewa talakci, sai talauci. Muna cewa zuciya, jam'inta zukata. Daga ina k ɗin ta fito, in ba da ma can tana cikin tilon ba? Ɓauna jam'inta ɓakane. Haure da haƙori tushensu guda. Farke, wanda a Nijar aka fi ji da falke, jam'insa fatake, abin da ke nuna *fatke ne asalinsa. Misalin da ya fi dacewa da Dakoro shi ne sunan da Hausawa ke kiran maƙwabtansu masu rawani da raƙuma. Tilo Buzu, jam'i Bugaje. Yaro zai iya tambaya me ya haɗa zu da gaje, amsar ita ce tilon da *bugzu ne, g ta narke ta bar dogon wasali, amma a jam'i, da yake wasali ya biyo bayanta, sai ta tsira. Buzaye da muke ji a Kano sabon gini ne da aka ɗora a kan tilon bayan ya riga ya sauya.

Waɗannan sauye-sauye biyu na farko sun game ƙasar Hausa duka, ba wanda ya kuɓuta. Na ukun ne, wato na leɓe, ya tsaya a Kano da maƙwabtanta bai ƙarasa yamma ba. Shi ya sa Bakano ke cewa sauka da auduga da taushi da sauro da ɗaure da tauna, mutumin Gobir ko Adar kuma yana nan a kan sabka da abduga da tabshi da sabro da ɗamre da tamna. Ga inda amfanin yake: wanda Kananci kaɗai ya sani, idan ya ga au a cikin kalma, ba shi da hanyar sanin ko daga ak ta fito, ko ab, ko am, ko kuwa da ma can au ce. Duk sun zube a tukunya ɗaya. Sai ya ji ta a bakin mutumin yamma sannan zai rarrabe. Farfesa Paul Newman ya rubuta littafi sukutum a kan wannan ƙa'ida a 2004, kuma a 2022 ya fitar da tarihin harshen Hausa, wanda a cikinsa ya yi ta komawa ga shaidar kare-karen yamma.

Haka abin yake ga ƙaramar kalmar nan ta nasaba. Muna cewa rigar nan, amma a Sakkwatanci ana jin rigat, kuma t ɗin ita ce dai ta da muke ji a cikin tawa da taka da ta zo, alamar mace wadda ta girmi Hausa kanta, domin ga ta nan a Larabci da Tamajak da harshen Misira ta Fir'auna.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ba ta ƙarewa a zaurukanmu: shin Hausa daga Larabci ta fito? Masana sun ce a'a, amma akwai zumunci. Tun a shekarun 1950 Joseph Greenberg ya nuna cewa Hausa tana cikin wani reshe da ake kira harsunan Cadi, masu yawan fiye da 150, waɗanda ke warwatse a arewacin Nijeriya da Kamaru da Cadi, irin su Bolanci da Ngizim da Bade a Jihar Yobe, da Angas a Filato, da Margi da Bura, da Buduma a tafkin Cadi. Reshen kuma yana cikin babban iyali guda da Larabci da Ibrananci da Amharik da Somaliyanci da harsunan Barbar, waɗanda Tamajak ke cikinsu. A 1966 Paul Newman da Roxana Ma suka fara maido da kalmomin kakan harsunan Cadi, a 1977 Newman ya fito da guda 150, sannan Herrmann Jungraithmayr da Dymitr Ibriszimow suka buga juzu'i 2 na saiwoyin kalmomin Cadi a 1994.

Aikin yana da wata ƙa'ida da ya kamata mu riƙe, wato rarrabe gado da aro. Littafi da alƙali da lahira da ashirin aro ne daga Larabci, sun zo da Musulunci da fatauci, kowa ya san wannan. Amma mutu ba aro ba ce, ko da yake Balarabe na cewa mata, Ba'abzine kuma yana da irin ta. Dalili shi ne ana samun ta a harsunan Cadi na kan duwatsu da ba su yi cuɗanya da Larabawa ba. Haka suna da ism. Haka ka da ki na gidanka da gidanki, waɗanda suka yi daidai da na baituka da baituki. Harshe ma haka, kuma a nan Dakoro ta sake yin rana: a yamma halshe ake cewa, da l, Ba'abzinen da ke tsaye kusa da shi a kasuwar dabbobi yana cewa iles, malamin zaure yana karanta lisan, Babole a Fika yana cewa lisim. L da s ne ke tafe a duk huɗun. Ha ɗin da ke gaba wani tsohon ɗafi ne na sassan jiki, wanda muke gani a hanci da haƙori da hanji. Idan aka tsaya a harshe na Kano kawai, zumuncin ba ya fitowa fili haka.

Wani abin sha'awa a nan, ta fuskar asalin harshe Bahaushen Dakoro ya fi kusa da Ba'abzine fiye da Bafulatani, duk da auratayya da wasan da ke tsakaninsa da Fulani, domin Fulatanci na wani iyali ne dabam, danginsa suna can Senigal.

Ita ma cuɗanya da Abzinawa ta bar nata sawu, kuma ba a so a rikita ta da gado. Takobi daga takoba ya zo. Azurfa ma daga wurinsu take, haka raƙumi. Takarda kuwa tafiyarta ta fi tsawo, domin asalinta kalmar Latin ce ta Rumawa, ta shiga bakin Barbar a arewacin Afirka, ta ƙetaro Sahara a kan raƙumi ta iso mu. Bafaranshe Claude Gouffé, wanda ya yi zurfin nazari a kan Hausar Nijar, ya rubuta a kan wannan cuɗanya a 1974, Maarten Kossmann kuma ya yi littafi a kanta a 2005. Wurare irin su Dakoro da Bermo da Tawa da Agadas, inda mutum ɗaya ke juya harsunan biyu a yini guda, su ne inda ake iya ganin yadda irin wannan aro ke faruwa da idanu.

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa duk abin da ya fito daga bakin mutumin karkara tsoho ne. Ba haka ba ne, kuma masana Japan sun sha wannan muhawara. A tsibirin Yonaguni dutse sunansa dama maimakon yama, an daɗe wasu na ganin d ce ta asali, amma yanzu da yawa sun karkata ga cewa sabon abu ne da tsibirin ya ƙirƙiro. Mu ma muna da namu. Mutumin yamma na cewa kihi da tahi da hita. Kalmar kifi an maido da ita a kakan harsunan Cadi a matsayin *kirfi ko kusa da haka, da f, don haka a nan Kano ce ta riƙe amana, yamma ta sauya. R ɗin da ke tsakiya kuwa dukkanmu muka yar da ita, kamar yadda muka yi a mai, wanda Bolewa ke cewa mor, da soya, wadda saiwarta *sur ce. Akwai ma kalmomin da Hausa gaba ɗayanta ta saki. Yawancin danginta suna kiran ruwa da am ko amma, wata kuma tere ko makamancin haka, mu kuwa muka ɗauko ruwa da wata. Huɗu da ci da sha dai suna nan daram, a Bolanci poɗɗo da ti da sa. Ba karin harshen da ya riƙe komai, sai an tattaro su duka an jera.

Ga inda damuwarmu take. A watan Maris na 2025 sabon kundin mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan abin farin ciki ne ga duk mai kishin harshen, musamman idan aka tuna tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, aka yi ta jan ƙafa. Amma harshen hukuma sai da littafi, littafi kuma sai da ƙa'ida guda. Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta, ita ce ta BBC da Muryar Jamus da Faransa, ita ce ta finafinan Kano da ke cikin wayar kowane saurayi, ita ce kuma ɗan ci-rani ke dawowa da ita bayan ya ƙare rani a Nijeriya. Ba sai an rataya wa yaro katako a wuya ba. Dariyar abokai da jan biron malami sun isa su sa ya daina cewa zamna. Mu ba ma adawa da daidaitawa, jaridar da ke hannun mai karatu ma da ita ake rubuta ta. Abin da muke cewa shi ne a rubuta abin da ke akwai tukuna kafin a share shi.

An yi wani abu a baya, ba za a ce ba a yi ba. Ƙamusun Bargery na 1934 ya yi ƙoƙarin nuna kalmar da ta fito daga Sakkwato ko Katsina ko Gobir. Bernard Caron ya bayyana Hausar Adar a littafinsa na 1991. Abdou Mijinguini ya yi ƙamus na Hausa da Faransanci a Nijar, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. A Yobe, marigayi Russell Schuh da Alhaji Maina Gimba sun haɗa kai da masu harsunan suka samar da ƙamusoshin Bolanci da Ngizim da Bade da Karekare da Ngamo, abin da ya nuna ba sai da tulin kuɗi ake irin wannan aiki ba. Yanzu ga jami'a a Maraɗi, ga Jami'ar Abdou Moumouni da cibiyar CELHTO mai tattara adabin baka a Yamai, ga gidajen rediyon karkara, ga na'urar ɗaukar murya a aljihun kowa. A Okinawa sai da harsunan suka kusa ƙarewa a bakin yara sannan majalisar lardin ta ware ranar 18 ga Satumba domin su, a 2006. Hausa ba ta cikin wannan hali, masu ita miliyoyi ne kuma ƙaruwa suke yi, amma kare-karenta na iya narkewa cikin juna ba tare da kowa ya ankara ba.

Abin da ya fi gaggawa a ganinmu shi ne kalmomin sana'a da na daji. Na masu haƙar rijiya mai gaba da yawa a ƙasar Tarka, na masaƙa da majema, na launukan shanu da shekarun raƙumi, na tsirrai irin su anza da jiga da karangiya waɗanda mutanen yankin suka koma gare su a farin 1984 da yunwar 2005. Irin waɗannan ba sa shiga labaran rediyo, kuma da zarar sana'ar ta mutu suna bin ta. Mai ɗauka kuma kada ya tsaya a tilo, ya tambayi jam'i, ya tambayi yadda tsohuwa ke faɗi, tun da mun ga a cikin jam'i ne g ɗin Bugaje ta ɓuya. Ko ƙidaya ma akwai abin tonowa, domin kafin ashirin da talatin su zo daga Larabci, Bahaushe yana da hauya da gomiya uku da zangu.

Har a cikin baƙaƙen rubutunmu akwai wannan tarihi. Tun bayan taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai a 1980, akwai harafi guda da ƙasashen biyu ba su haɗu a kansa ba: Nijeriya na rubuta 'ya da 'ya'ya da ɗigon waƙafi a sama, Nijar kuma na rubuta ƴa da ƴaƴa da lanƙwasa. Sautin da ake wannan bambanci a kansa baƙo ne a Hausa, kalmomin da ke ɗauke da shi ba su da yawa, kuma kusan dukkansu daga kalma ɗaya suka tsiro, wadda aka taƙaita ta a Kano. A Dakoro ba a taƙaita ta ba, har yanzu ɗiya ake cewa.